Muryar Mama ta Bayan Bango

Shekara guda bayan rasuwar Mama, ƙanwata ta tsinci wani tsohon kaset na zumuntar matan cocinmu, aka juye mana shi cikin waya. Mama ce ke bayar da waƙa, sauran mata suna amshi. Baba ya kara wayar a kunne, ya ce shi dai hayaniya kawai yake ji. Kunnensa ya fara nauyi, ni kuma tsoro ya kama ni kada ya toshe bai sake jin muryarta ba. Sai na shiga neman sifika.

A wani shago a Romi na samu. Ƙasa kafet, bango labule mai kauri, ga kujera guda a tsakiya kamar ta ango. Mai shagon ya ce, "Oga, zauna nan. Wannan in ta buga, har ƙirjinka zai ji."

Na ce ba don ƙirji na zo ba, na miƙa masa wayata. Da waƙar ta tashi, har numfashin da Mama ke ja kafin ta ɗauki baiti na ji. Na saya ban ko yi ciniki ba.

A gidanmu da ke unguwar Kamazou, sai labari ya sha bamban. Falon Baba siminti ne tsura da rufin kwano. Muryoyin suka cakuɗe kamar matan suna waƙa cikin rijiya. Ni kuwa ba na barin abu sai na ga ƙwal uwar daka. Na ɗora sifikar kan tebur, na sauke ta ƙasa, na juya fuskarta bango. Har shagon na mayar da ita, ja'irar ta rera tiryan-tiryan. Mai shagon ya yi dariya ya ce, "Oga, sifika ba ta da laifi. Ɗakinku ne." Ashe rabin abin da ya burge ni labulensa ne.

Na shimfiɗa darduma, na rataye barguna, falo ya koma kamar wurin shanya. Sautin ya fito tas. Na zaunar da Baba, na kunna ina jiran yabo.

Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na ji ta sarai. Amma ba haka take ba."

Raina ya ɓaci. "Haba Baba, to yaya take?"

Ya tashi ya rungumi sifikar ya kai ta kicin, ya ajiye kusa da murhu, ya ja ƙofa rabi, ya dawo kujerarsa.

"Kunna. Ƙara sauti."

Muryar ta ratso bango a dushe, duk abin da na yi kwanaki ina gyarawa ya ɓace. Kewar Mama ta kama ni.

"Yauwa," in ji Baba. "Daga can nake jin ta tun muna sabon aure."

Na miƙa hannu zan taɓa wayar, ya riƙe ni.

"Bar ta ta gama aikinta."