Kujera Mai Ƙafar Zalɓe

In ka ga dama ka yarda, in ka ga dama ka ce Bala ya fara halin nasa. Amma ni ɗin nan na taɓa tara manyan Abuja a zaure guda cike da kujerun da na ƙera da hannuna, aka tashi taro babu mutum ɗaya a kan kujera. Darakta guda na ma'aikatar tarayya, da shaddarsa irin wadda ke tsayawa da kanta ko babu mutum a ciki, yana zaune daɓas a kan tayil. Akwai hotuna. Ba zan nuna maka ba, don ni ma ina ciki.

Bari dai in faro daga tsakar gidanmu a Paikon Kore, gindin murhun Kaka Ladi.

Kaka Ladi ita ta haifi babanmu. Gajeruwa ce, irin gajartar da in ta shiga gonar doya sai dai ka bi motsin ganye ka san tana ciki. Gidanmu rabi masallaci ne rabi coci, kowa da inda yake dosa ran Juma'a ko Lahadi, amma da an ci tuwon dare bambanci ya ƙare, duk jikoki sai bakin wuta. A tura doya cikin toka, hayaƙi ya kori sauro ya kuma fito mana da hawaye, ita kuma ta jawo kujerarta.

'Yar tsugunno ce ta icen ƙirya, sassaƙa guda, ba ƙusa ba gam. Ta yi baƙi ta yi santsi saboda zama, tsakiyarta ta lotsa daidai jikin mai ita. Duk inda Kaka za ta, suna ne ko biki ko gaisuwar mutuwa, a kafaɗa take saɓa ta yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya, don su a wurinsu kai ya fi ƙarfin a ɗora masa komai. Kuma da zarar ta zauna a kai, babu wanda zai zauna sama da ita. Kawunmu mai keke da rediyo ma, wanda yake jin kansa kamar gwamna, sai ya sauko daga benci ya nemi tabarma.

In za ta fara, sai ta ƙwanƙwasa gefen kujerar da zobenta ta ce, "Wa ya zo da kunne?"

Mu ce, "Mun zo da su!"

Ta ce, "Bala da baki ya zo. Mijina, je ka aje shi a waje ka dawo."

In ce, "Amarya, in na aje wa zai ci doyar?"

Haka muke da ita, wasan kaka da jika. In tana jin daɗina ni ne mijinta. In na ishe ta kuwa sunana Zalɓe, don tun ina yaro ƙafafuna sun riga sauran jikina girma. Kuma akwai tatsuniyar da take yi musamman in ina wurin.

Wai namun daji ne suka gaji da zama cikin raɓa in sun taru hira, suka ce a nemo mai sassaƙa ya yi wa kowa wurin zama. Zalɓe ya ce shi gwani ne. Da gaske kuwa gwanin ne. Ya shiga kurmi ya zaɓo itace mai kyau, ya sassaƙa, ya goge, har kura ta ga fuskarta a jiki ta tsorata. Sai dai duk kujerar da zai yi, da ƙafarsa yake aunawa. Ranar taro kunkuru ya zo ya ɗaga wuya ya dubi tasa. Bushiya ta yi tsalle ta faɗo, ƙayarta ta soki zomo. A nan Kaka kan kumbura kumatu ta yi muryar kwaɗo: "Malam Zalɓe, aiki ya yi kyau. Tsanin fa, sai yaushe?" Mu yi ta birgima a ƙasa.

Ƙarshe dai kowa ya koma ƙasa aka buɗe hira. Zalɓe shi kaɗai a sama kan kujerarsa, yana hango bakuna na motsi, yana ganin ana dariya, ba ya jin abin da ake cewa. Wai shi ya sa har gobe za ka gan shi bakin rafi shi kaɗai, ƙafa ɗaya a naɗe, wuya a miƙe, yana sauraron hirar da ta wuce shi.

Ta kan rufe da cewa, "Wuta ta cinye itacenta, ku ma ku je barci ya cinye ku." Sannan ta ɗan taka min ƙafa in za ta wuce.

Na girma na shigo gari. Na koyi kafinta a Kubwa, wurin wani oga mai dukan yaro da tef ɗin awo. Sai zamanin farar hula ya zo, gari ya buɗe, in ka kwanta ka tashi sai ka ga sabon otal inda jiya ake kiwon akuya. Kowane otal na son kujera, kowane ofis na son tebur. A nan na gano cewa tsakanin kafinta da dizaina babu komai sai tabarau da karkaɗe garin katako daga gashi. Na sayi tabarau. Na shiga ƙungiyar masu zanen kayan ɗaki, muna haɗuwa a Garki muna shan kofi mai ɗaci wanda babu mai so a cikinmu, kowa na cewa "konsef, konsef," wai dabarar da ke bayan zane.

Abu biyu ake yayi a lokacin. Na farko dogayen kujeru masu siraran ƙafafun ƙarfe, irin na mujallun waje. Na biyu, kowane kaya sai an ba shi labari, kuma labarin ya fito daga ƙauye. Wani ya ce teburinsa daga turmin mamarsa ya samo shi, alhali mun san mamarsa da injin markaɗe ta tashe shi. Ni kuwa ina da labari na gaske. Na zauna na zano kujerar Kaka daga ka, har lotsawar tsakiyar nan. Na sassaƙa ta da icen maɗaci, na goge har tana ɗaukar ido. Sannan na kai wa mai walda ya kafa mata ƙafafu. Dogaye. In ka hau za ka iya gaisawa da fanka.

Na yi su da yawa, na sa musu suna Kujerar Kaka. Da ƙungiya ta shirya baje koli a wani zaure a Garki, sai bakin nan nawa da aka ce in aje a waje ya tashi aiki. Na ce wa Madam, shugabar ƙungiyarmu, kakar tawa tana raye, kuma ita da kanta za ta zo ta hau ta farko a gaban kowa, a ɗau hoto. Madam ta buga tafi ta ce, "Bala, ka gama da su!" Aka sa a katin gayyata. Duk wanda na haɗu da shi sai na ƙara gishiri, har na ce da ta ga zanen kuka ta yi. Ba ta ma san ana yi ba.

Ƙanwata Asabe ce ta je ta ɗauko ta. Ranar zaure ya cika. Ma'aikatan gwamnati, masu otal, 'yan uwana masu tabarau, duk an ɗare kan kujeruna ƙafafu na lilo kamar yara a kan katanga. Babban baƙo shi ne Alhaji Darakta, dattijo mai furfura, sai da yaransa biyu suka tallafa masa ya hau. A tsakiya, ƙarƙashin fitila, ga kujerar da aka ware wa Kaka.

Sai ga ta. Zaninta na fita unguwa, ɗankwali sabo, 'yar tsugunnonta a kafaɗa. Asabe ta raɗa min, "Yaya, na yi na yi ta bar ta a gida, ta ce ko mota ba za ta shiga ba sai da ita."

Na riƙe makirifo na yi jawabi mai daɗi, har da girgiza murya. Na ce, "Amarya, ga kujerarki. Bismillah."

Ta ɗaga kai ta dube ta, kamar yadda kunkuru ya dubi tasa. Ta dube ni. Na zaci za ta yi min tsiya a yi dariya a wuce. Da ma hakan ta yi.

Sai ta miƙa wa Asabe 'yar tsugunnon, ta gyara ɗaurin zani, ta kama ƙarfen da hannu biyu. Ta gwada. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin kunnuwana sun yi zafi. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta ga jikanta ya tara mutane, ta ce ba za ta kunyata shi ba. Ƙafarta na neman wurin takawa, silifas ya zame ya faɗi. Na kama ta ta nan, Asabe ta kama ta can, muna cicciɓa ta kamar buhun gero, zani na neman kwancewa, tana riƙe shi da haɓa. Masu hoto na ta walƙiya. Na ji jikinta a hannuna, ban san ta yi rashin nauyi haka ba.

A hankali, yadda ni kaɗai zan ji, ta ce, "Bala, sauke ni."

Ba mijina ba, ba Zalɓe ba. Sunana ta kira.

Muka sauke ta. Ta nemo silifas ɗinta da kanta, ta karɓi kujerarta ta aje a gindin tawa, ta zauna tana haki. 

Sai na ji motsi. Alhaji Darakta ne ke zamowa daga kujerarsa. Wani yaronsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ina zuwa?" Ya ce, "Uwa na ƙasa ina sama? Ba a haife ni haka ba." Ya tattara babbar riga ya zauna a tayil, ya ce, "Mama, sannu da hanya." To oga na ƙasa, wane mataimaki ne zai tsaya a sama? Mataimaki ya diro. Na ƙasa da shi ya diro. Masu otal suka ga manya sun sauka, suka bi. Wasu baƙi daga Legas suka zaci tsarin baje kolin ne, suka zauna suna tafi, ɗaya har yana cewa bai taɓa ganin konsef mai zurfi haka ba. Kafin ka ce me, kujeruna sun tsaya su kaɗai kamar gonar rogo bayan ganye ya zube. Ni kaɗai ne a tsaye, da makirifo, kuma Asabe ta rantse wai ƙafa ɗaya na naɗe.

Darakta ya ce, "Mama, an ce ke ce mai tatsuniya. A ba mu ko guda."

Ta ƙwanƙwasa gefen kujera da zobe. "Wa ya zo da kunne?"

 Na san wadda ta dace da wurin, ita ma ta sani. Ta dube ni ta wutsiyar ido, sannan ta ba su labarin kura da ta je neman aure da aron wando. Manyan mutane suka yi ta ƙyalƙyala kamar 'yan firamare. Ko sunan tsuntsu ba ta ambata ba. Da ta yi min tatsuniyar zalɓe a gaban jama'a, da na ce mun yi kunnen doki. Da ta rufa min asiri, sai na rasa inda zan sa fuskata.

Duk tsawon yarintata na ɗauka labarin zalɓe na masu girman kai ne, kuma tunda ni ina gaida mutane, bai shafe ni ba. Sai daga baya na lura Kaka ba ta taɓa cewa zalɓe mugu ne ba. Aiki ya yi tsakani da Allah. Abin da bai yi ba kawai shi ne ya sunkuya ya dubi ƙafar wanda zai zauna. Ni na haddace kujerar matar nan har inda ta lotsa, amma ban taɓa tambayar kaina me ya sa take gajeruwa ba, ko me ya sa dukanmu muke jin muryarta ko da raɗa take yi. A ƙungiya har yanzu in sabon yaro ya kawo zane, sai wani ya ce, "Kakar Bala za ta iya hawa?" A yi dariya. Ni ma ina yi, amma tawa ba ta kai ciki.

Bayan abin ya lafa na ɗauki zarton ƙarfe na datse ƙafafun waccan kujerar, na bar ɗan abin da zai raba ta da ƙasa. Na sa ta a bayan mota na nufi Paikon Kore. Na tarar da ita bakin murhu bayan magariba, sabbin jikoki kewaye da ita, doya na cikin toka. Na aje kujerar a gabanta ban ce komai ba, abin da bai taɓa faruwa da ni ba.

Ta shafa ta. Ta ƙwanƙwasa gefen da zobe ta kara kunne. Ta juya ta ta dubi inda na yanke. Sannan ta dafa kafaɗar wata yarinya ta tashi daga tsohuwar kujerar, ta zauna a kan tawa, ta ɗan motsa hagu da dama, ta miƙe ƙafafu wajen wuta.

Daɗi ya kama ni. Na zaro waya, na ja da baya, na tsaya a kanta ƙiƙam ina neman inda hoto zai fi kyau, don 'yan ƙungiya su gani da idonsu. Yara duk suna ƙasa suna kallona.

Ta ɗago kai, ta bi ni da ido tun daga takalmi har tabarau, ta ce:

"Zalɓe, kujera dai ta sauko. Kai za ka zauna ne, ko in aika a kawo zarton?"