Akuyar da Aka Bari a Tsibiri

Ina aji huɗu a firamaren ƙauyenmu, bakin tafkin Kainji ta wajen Ngaski, lokacin da aka kawo mana wata malama daga Sakkwato. Kafin zuwanta, in aka ce waƙa gabanmu faɗuwa yake. Ana rubuta baiti a allo, mu haddace, wanda ya manta kalma ya miƙa hannu a zabga masa tsumagiya. Ni abin ya fi yi mini tsanani, don a gida Gunganci muke yi, Hausata ta tallar kifi ce.

Wata Alhamis bayan hutun ƙarfe tara, malamar ta shigo ba alli ba bulala, ta zauna a kan tebur.

"Yau labari za ni ba ku," in ji ta. "Amma da waƙa shika tafiya. Ba hadda, saurare kawai."

Labarin wata yarinya ne da aka kwashe mutanen garinsu lokacin da ruwan dam ya taso, aka manta da akuyarta a tsibiri. Ita malamar ta tsara shi da kanta. Har yau ina riƙe da farkonsa:

Ruwa ya zo ya ci gonarmu,
Ya ci rumbu, ya ci turminmu,
Akuyata tana tsibirinmu,
Wa za ya kai ni in ɗauko ta?

Duk muka kasa kunne. Iyayenmu duka irin wannan tashi aka yi musu, amma ba mu taɓa jin an sa shi a waƙa ba. Duk Alhamis sai ta ƙara mana kaɗan, ta tsaya daidai inda ranmu ya fi so. Yarinyar ta kwance kwalekwalen kawunta, ta gamu da dorina, iska ta karya mata filafilin tuƙi. Ba wanda ya ce mu haddace, amma a hanyar gida muna rerawa. Wani ɗan masunta da ke zaman bencin baya, wanda ko sunansa bai iya rubutawa daidai ba, ya fara ƙaga nasa baitocin, kuma suna hawa karin waƙar. Malama ta ce ya tashi ya rera, muka yi masa tafi. Inna kanta takan tare ni tun daga ƙofa ta ce, "To, ina ɗiyar nan ta kai?"

Ana cikin haka aka ƙirƙiro jihar Kebbi. An yi murna, an yi kiɗa a Yelwa. Ba a jima ba aka ce kowane ma'aikaci ya koma jiharsa ta asali. Malama 'yar Sakkwato ce. Ranar da ta yi mana sallama, yarinyar labarin ta hango tsibirin ke nan, tana jin kukan akuya.

"Malama, ki ƙarasa muna," muka roƙe ta.

"Ban tsara ƙarshen ba tukuna," ta ce. "Na ɗauka muna da lokaci."

Wanda aka kawo a madadinta ɗan jiha ne, abin da aka fi nanatawa game da shi ke nan. Da ya ji muna rerawa a filin makaranta sai ya tara mu.

"Wanga shirme mi ne? Akuya za a tambaye ku a jarrabawa?"

Ɗan masuntan ya ce, "Malam, waƙa ce."

Ya fito da shi gaban aji, ya ba shi alli ya ce ya rubuta baitin da yake taƙama da shi. Ya kasa. Malam ya sa muka yi masa ihu, ya kuma yi masa bulala. Daga nan aka koma ga allo da hadda, har da wata waƙar Turanci da muka yi ta maimaitawa don baƙi masu duba makarantu, ba mu san ma'anar ko kalma ɗaya ba.

Kafin ruwa ya janye a shekarar, yaron ya daina zuwa, ya koma jefa taru da mahaifinsa. Na gan shi bara a kasuwar kifi ta Yelwa, furfura ta fara fito masa. Na tambaye shi ko yana tsara waƙa har yanzu. Ya dube ni kamar na zage shi, ya juya ya ci gaba da jera kifinsa a faifai.