Yatsun Kawu Tartsatsi

Kawuna bakanike ne. Garejinsa rumfar kwano ce a bayan gida, da benci ɗaya da gwangwanayen kusoshi. Tun yana saurayi ake kiransa Tartsatsi, saboda ba ya gwada wutar inji da na'ura. Wayar filogi yake kamawa da yatsu biyu, ya ce a tayar. Daga yadda ta fizge shi yake gane ƙarfinta. Da yatsun nan ya ciyar da gidansa.

Da ciwon suga ya kama shi, likita ya ce ya riƙa lura da hannuwansa, don cutar tana kashe jijiya. Kawu ya ce hannun da ya sha wuta shekara da shekaru ba suga ne zai ba shi tsoro ba.

Wata safiya wani mai lambu ya turo tsohon baburinsa mai ƙafa huɗu, wanda yake fito da kaya bakin titi da shi. Sitata tana juyawa, inji ya ƙi kamawa. Kawu ya duba batir, ya kankare tsatsar kawunansa, sannan ya zare wayar filogi ya riƙe.

"Danna."

Mai lambu ya danna.

"Babu wuta, ko ɗigo."

Ya canza koyil, mai tura wuta zuwa filogi. Shiru. Ya kwance makunni, ya bi wayoyi har ƙarƙashin kujera, inda ɓera kan ci. Duk abin da ya taɓa sai ya koma ya riƙe wayar, ya girgiza kai. Babur ya yi kwanaki a rumfa, hanjinsa a waje.

"Tartsatsi, tumatirina na ruɓewa," in ji mai lambu. "Ko jaki zan nema?"

"Nemi. In ya ƙi tashi shi ma ka turo min."

Yana faɗa yana danna sitata. Mai lambu ya sunkuya zai leƙa, gwiwar hannunsa ta taɓa bakin wayar. Ya yi baya ya faɗa kan gwangwanaye.

"Wannan ce babu wuta? Ta kusa cire min kafaɗa."

Kawu ya kama wayar, ya ce a danna. Bai ji komai ba. Sai ya yi abin da sauran kanikawa ke yi, wanda ya daɗe yana musu dariya a kai: ya sa filogi a wayar, ya jingina shi da jikin inji. Wuta ta tsirto, shuɗiya, lafiyayya.

Inna, matarsa, tana bakin ƙofa. Ta ce, "Maigida, jiya ma ka sauke min tukunya ba tsumma. Na rasa ta inda zan fara gaya maka."

Kawu ya juya ga babur. Ya kwance kabureta, ya tarar dattin tsohon fetur ya toshe ta. Ya wanke, ya mayar, ya mayar da tsohon koyil ɗin ma. Dannawa ɗaya babur ya tashi. Mai lambu ya hau ya tafi, ya kasa kallon fuskar Kawu.

Har yanzu Kawu yana buɗe rumfar, amma masu kawo aiki sun ragu. Da na je gaishe shi, na ga ya shimfiɗa fallen kwano a ƙarƙashin benci. Na tambaye shi dalili.

"Ƙananan noti suna zamewa daga hannuna ban sani ba, ɗana," ya ce. "In sun faɗi a kan kwano, ina ji."