Gaisuwar Alhaji da Rifitocinmu Uku

Cikin duk abin da na taɓa gyarawa a garin Greensboro na Amurka, babu wanda ya ci mini rai kamar rifitocin kulob ɗinmu na rediyo. Kulob ne na masu sha'awa, yawancinmu Hausawa: ka zauna jarrabawa, a ba ka lasisi, ka sayi ɗan rediyon hannu irin na oba-oba, ka riƙa hira ta iska. Rediyon hannu ba ya kai nisa, shi ya sa ake kafa rifita a wuri mai tsayi, ta karɓi muryarka ta maimaita da ƙarfi. Namu uku ne, haɗe da juna: ɗaya a saman wani sito a Wendover, ɗaya a kan wani bene a Gate City, ɗaya a gabashin gari. Ka yi magana a ɗaya, duka su ɗauka. Ni ne mai kula da su, don ranar da aka tambayi wa ya iya haɗa waya, na ɗaga hannu. Har yau ina jin haushin hannun nan.

Matsalata Alhaji ce. Dattijo ne mutumin Maraɗi, ya yi shekaru yana tuƙa tasi kafin idonsa ya mutu. A garin nan wanda ba ya tuƙi a ɗaure yake. 'Ya'yansa suna wurin aiki, jikokinsa da Turanci suke ba shi amsa, fitar da ta rage masa ita ce rediyon nan. Kullum da safe, muna kan hanyar aiki, sai ya danna maɓalli, ya faɗi lambar lasisinsa da Turanci kamar yadda doka ta ce, sannan ya koma Hausa ya fara bin mu ɗaya bayan ɗaya. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya mai jiki, an ji labarin gida? Ba ya sakin maɓallin sai ya gama da kowa.

To, muddin mutum yana danne, rifita tana aiki, tana ɗaukar zafi. Don haka kowace tana da taima mai kashe ta in magana ta wuce 'yan mintoci. Shugaban kulob ya cire tamu tun kafin na karɓi aikin, wai inji ba zai katse dattijo ba. Da bazara ta Wendover ta ƙone. Na hau tsani, kwanon rufi yana gasa mini tafin ƙafa, na buɗe akwatin, ƙauri ya bugi hancina. Na gyara. Ta Gate City ta bi bayanta. Na gyara. Kowace Asabar mutane suna wajen suna ko walima, ni ina saman benen wani ina gumi, har bayana ya riƙe.

Da muka haɗa hannu muka sayi sababbi, na rantse ba za a maimaita ba. Na sa taima, na kulle da lambar sirri, na tafi gidan Alhaji in koya masa abu ɗaya tak: ya riƙa sakin maɓallin tsakanin mutum da mutum, taimar ta koma farko.

Na yi sallama na miƙa hannu. Ya kama, ya shiga gaishe ni, ya tambayi matata, ya tambayi yara, ya tambayi tsohuwata a Zariya, hannuna yana cikin nasa. Da ya gama na yi bayani dalla-dalla.

Ya ce, da ɗan Faransancinsu na Nijar, "Bon. Malam, tun da ka shigo, ka ga na saki hannunka?"

Na ce a'a.

"To mutum yana gaishe ka, ya fizge hannu, ya sake miƙowa, ya sake fizgewa? Wannan ai wasan yara ne."

Na ce Alhaji, maɓalli ne, ba hannu ba. Ya ce ya ji. Washegari ya danne abinsa kamar ban taɓa zuwa ba, yana tsakiyar tambayar wani lafiyar surukarsa, ɗif, rifita ta ɗauke.

Mai danne maɓalli ba ya jin komai, saboda haka bai san an yanke shi ba. Kuma babu mai faɗa masa, wa zai iya? In ya saki, waɗanda suka ji nasu su amsa, sauran su ce lafiya lau a kan abin da ba su ji ba. Ni ma haka nake yi. Ni kuwa wayata ba ta hutawa. Shugaba ya kira: "Haba Malam, ka cire taimar nan mana. Ba rispek wallahi." Na ce ranar Asabar ya zo ya hau tsanin da kansa. Sai ya ce yana da shif a wurin aiki.

Haka aka tafi har Hajiya, matar Alhaji, ta kira ni. Ta ce ya lura yana tambayar mutane abu suna amsa masa wani daban. Wai ya ce in ya zame wa mutane kaya ne, a sa rediyon a kwali a ba wani. Ta ce, "Ɗana, in ya ajiye abin nan, sai zaman kujera."

Raina ya ɓaci, da shi, da shugaba, da duk wanda ya ƙirƙiro rediyo. Washegari na biya ta gidan kafin aiki, da niyyar in faɗa masa gaskiya tsirara. Na iso ya riga ya fara. Ina fakin, rifita ta ɗauke kamar kullum. Da yake ina ƙofar gidansa, sai na juya rediyon motata na kamo nasa kai tsaye.

Yana nan yana gaisuwa, a natse, babu mai ji sai ni. Ya gaida wani mai shago a Gate City, ya yi wa wani barka da haihuwa. Can a ƙarshe ya ce, "Sai mai hawa sama. Malam, ina kwana. Allah ya tsare ƙafarka a kan tsanin nan. Yaya bayan? Kullum ina tambaya, kullum ka ce lafiya lau kawai. In fushi kake, ka yi haƙuri da tsoho."

Kunya ta kama ni, ga haushi bai tafi ba. Da ya saki na danna nawa na ce, "Alhaji, bayan da sauƙi. Ba fushi."

Ranar Asabar na hau rufin nan uku da fankoki a kafaɗa, ina ƙunƙuni tun daga ƙasa. Na ɗaura wa kowace rifita tata, na ja taimar har inda nake ganin ƙarfe zai jure. Babu wanda ya zo riƙe mini tsani. Da Alhaji ya ji amsoshi sun fara dacewa da tambayoyinsa, sai ya ƙara da jikokin mutane, na sake sayen fanka.

Har yanzu ni ne na ƙarshe a layinsa. Nakan isa wurin aikina in kashe mota, abokan aiki suna wucewa suna nuna mini agogo, ni kuwa ina zaune da rediyo a hannu sai ya iso kaina.