Madam Hilda, wadda na yi wa hidima a bayan labule

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ƴan uwa na ƙungiyarmu ta Lyon, da duk wanda takardar nan ta isa hannunsa, ku gafarce ni. Na san kowa da abin da ya dame shi, kuma wadda zan yi maganarta ba ƴar ƙasarmu ba ce, ba ma addininmu ɗaya ba. Kwana biyu ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Ba don lokaci ya ƙure ba, da ban ɗora muku wannan karatu ba.

Ranar Talata da hantsi ina wani kanti a Guillotière ina zaɓen busasshiyar kuɓewa, sai waya ta yi ƙara. Wata mata ce daga gidan tsofaffin da ke kusa da Vénissieux. Ta ce ko ni ce Madam Rabi, na ce ni ce. Ta ce Madam Hilda ta rasu da safe, bayan an ba ta shayi. Ta ƙara da cewa, "Sunanki ne a takardarta." Na ce, "Ni kaɗai?" Ta ce akwai wani ƙane a Ingila, amma tsufa ya hana shi tafiya. Na fito ban sayi komai ba, na zauna a tashar tram, jirgin ƙasan cikin gari, har uku suka zo suka wuce ni.

Da yawanku kun sha jin ana tsokanata da ita. Hajiya Zara kan ce, "Rabi, ina baturiyarki? Har yau ba ki musuluntar da ita ba?" mu yi dariya. To bari yau in faɗa muku ko wace ce.

Ƴar Ingila ce, sana'arta wasan kwaikwayo irin wanda ake haɗawa da waƙa da rawa a kan dandamali, gaban jama'a. Ta ce mini tana ƴar shekara goma sha tara ta fara a Landan, can layin baya cikin ƴan amshi, inda ko mahaifiyarta sai ta miƙa wuya kafin ta gano ta. Daga nan ta yi shekara shida tana ko-ta-kwana: ta haddace duk waƙoƙin babbar ƴar wasa, ta yi shiri kullum, ta zauna jira ko waccan za ta kasa fitowa. Ran da mura ta kama waccan aka tura ta gaba, kuma ba ta sake komawa baya ba. Ta zo Paris da wata ƙungiya, ta auri wani Bafaranshe mai kaɗa piyano, ta zauna. Allah bai ba su haihuwa ba, shi ma ya riga ta tafiya da daɗewa.

Ni kuwa a lokacin muna unguwar Goutte d'Or a Paris, maigidana Malam Isufu yana karatu, ni ina ƴan ɗinke-ɗinke da na koya wurin Innata a Damagaram. Wata maƙwabciya ta ce ana neman mai gyaran kaya a wani gidan wasa. Raina bai kwanta ba. Ni da na sauke Alƙur'ani a gaban mahaifina, me zai kai ni gidan kiɗa? Malam ya ce, "Allura za ki riƙe ko kalangu?" Na karɓi aikin, amma na yi wa kaina iyaka: ba zan taɓa zama cikin ƴan kallo ba. Ban kuwa zauna ba. Shekara goma sha ɗaya na yi tare da ita, ban taɓa ganin fuskarta ta gaba tana waƙa ba. Bayanta na sani, da gefen kuncinta daga tsakanin labule.

Satina na farko na yi kuskuren da ya haɗa mu. Rigar wasa ba irin tamu ba ce. Tsakanin waƙa da waƙa ƴar wasa kan rugo bayan labule ta canza kaya cikin ƙasa da minti ɗaya, shi ya sa ake rufe bayan rigar da maɓallan dannawa, ja ɗaya su buɗe duka. Ba wanda ya gaya mini. An ba ni wata koriyar rigarta in gyara bakinta, na juya bayan na ce, kai, wane malalaci ne ya yi wannan? Na cire su kaf, na ɗinka maɓallai na gaske guda goma sha takwas, kowane da ƙofarsa, tsaf yadda Inna ta koya mini. Ban faɗa wa kowa ba, ina jiran yabo.

Wasan ranar Asabar da rana ne. Ta rugo, ta juya baya, ta ɗaga hannuwa. Babbar mai kula da kaya ta ja, riga ta ƙi. Ta sake ja, ta ƙi. Kiɗan waƙa ta gaba ya riga ya tashi, dandamali ba kowa. Na durƙusa ina ɓallewa ɗaya bayan ɗaya. Madam ta ce a hankali, "Kar a yaga, ɗinkin ya yi kyau." Sai kawai ta buɗe baki ta fara waƙar daga inda take tsaye. Ina jin muryar tana girgiza ƙashin bayanta a ƙarƙashin yatsuna. Duk baitin farko a bayan labule ta yi shi, a na biyu ta fita da sabuwar riga kamar da ma haka aka tsara.

Da aka tashi, mai shirya wasan ya shigo yana kumfar baki. Madam ta ce, "Ni na sa ta ɗinka su." Bayan ya fita na ce, "Madam, ba haka aka yi ba, kuma ba zan iya cin abinci a kan ƙarya ba." Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Rabi, aikina ke nan, in faɗi abin da ba haka ba a tafa mini." Duk da haka na bi shi na faɗi gaskiya. Ya ce in kwashe kayana. Ita kuma ta ce in Rabi ta tafi, ya nemo wadda za ta yi masa waƙa gobe. Daga ranar na zama mai sa mata kaya.

Ba ta taɓa tambayata dalilin da ba na shiga kallo ba. Amma ta haddace lokutan sallata har da yadda suke sauyawa rani da sanyi. In lokaci ya yi sai ta ture kujera ta buɗe mini wuri a ɗakinta, ta ce, "Je ki, ana jiranki. Takalmi dai na iya ɗaurawa." Kafin ta fita kullum sai ta leƙa can saman zaure, ta ce, "Na kujerar ƙarshe nake wa waƙa, shi ya fi kowa son ji."

A gabana aka daina ba ta matsayin budurwa aka ba ta na uwa, daga baya na tsohuwa mai waƙa ɗaya tak. Ba ta yi ƙorafi ba. Wasanta na ƙarshe a nan Lyon aka yi, lokacin mun riga mun dawo saboda aikin Malam, ta nemi in zo in sa mata kaya. Ranar muryar ta tsinke mata a tsakiyar waƙa, jama'a suka tashi tsaye suka tafa don su rufa mata asiri. Ina cire mata ɗankunne ta ce, "Murya baƙuwa ce, Rabi, ba ta sallama in za ta tafi." Sannan ta ƙara da cewa, "Tafi kuma ba ya raka mutum gida."

Da ƙafa ta gaza, ta bar Paris ta zaɓi gidan tsofaffi kusa da ni. Sai lokacin na gane ba ta da kowa. Duk Lahadi nakan je da ɗan kunu a fulas, in taje mata kai. Sauran tsofaffin ba su san an taɓa tsayuwa dominta ba, ita ma ba ta faɗa musu ba. Lahadi uku na ƙarshe ban je ba, ƴata ta haihu ina wurin jego. Na kira ta na ba da haƙuri, ta ce, "Riƙe jikanki. Jira ai na iya shi." Wannan ce maganarmu ta ƙarshe, kuma tana mini nauyi.

Jiya na tambayi limaminmu abin da ya halatta gare ni. Ya ce, "Hajiya, rakiya da ta'aziyya ba laifi. Sauran ki bar wa Mai ita." Ba zan wuce inda aka tsayar da ni ba. Na shaida ta kyautata mini, ta girmama sallata, ta rufa mini asiri. Na bar ta a hannun Allah, wanda ya fi ni sanin ta, wanda rahamarsa ta fi ilimina faɗi. Allah ya ba ƙanenta haƙuri, ya sa masa mai dubansa a tsufansa. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen, kada ya bar mu mu kaɗai a ƙasar mutane.

Ga abin da ya sa na dame ku. Ranar Litinin da ƙarfe biyu da rabi za a binne ta. Matar gidan tsofaffin ta ce in akwai masu zuwa za su buɗe ƙaramin ɗaki a tsaya mata na ɗan lokaci, in kuwa ni kaɗai ce, mota za ta wuce da ita maƙabarta kai tsaye. Malam Isufu zai zo, mun zama biyu. Ba na roƙon kowa ya yi abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba, tsayuwa ce kawai da tafiya a bayanta. Ko mutum uku, ko huɗu. Sun ce in ba su amsa kafin azahar ɗin Asabar. Don Allah wanda zai iya zuwa ya sanar da ni da wuri, wanda ba zai iya ba shi ma ya faɗa mini, in san abin da zan ce musu.

Taku, Rabi.