Rodin Kawu

A shekarar da gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba maigidana ya dawo daga Maraɗi da talabijin da ɗan injin wuta. Fatauci yake yi tsakanin garinmu Isa da Nijar, ni kuma ina goyon ɗiyata ta fari. Aka haɗa bututun ƙarfe biyu aka ɗaura eriya a kai, ta fi kowane soro a unguwarmu tsawo. Da la'asar maƙwabta kan cika gidan suna kallon kokawa, a ɗan manta da zancen gona.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, gyaran rediyo yake yi a bakin kasuwa. Mutum ne marar yawan magana. Ranar da ya zo ganin talabijin ko ɗakin bai shiga ba. Ya tsaya a tsakar gida, ya daɗe yana duban eriyar.

"Wanga ƙarfe kiran tsawa yake," in ji shi. "Za ni dawo gobe in yi mata hanya."

Maigidana ya yi dariya. "Kawu, roƙon ruwa aka fita jiya. Ina hadarin, balle tsawa?"

Washegari Kawu ya zo da rodin ƙarfe mai tsawon mutum da waya mai kauri ta jan ƙarfe. Shi da kansa ya haƙa rami a gindin katanga, ƙasa kamar dutse, ya kafa rodin, ya zuba gawayi da gishiri, ya ɗaure wayar tun daga kan bututun har ƙasa. A ɗaki kuma ya sa wani ɗan akwati mai fis tsakanin injin da talabijin, don in wuta ta yi yawa akwatin ya ƙone, kayan su tsira. Sannan ya kira ni.

"Ɗiyata, busasshiyar ƙasa ba ta karɓar tsawa. Duk kwana biyu ki zuba ma rodin ga ruwa. In kin ga gabas ta haɗe, ki zare wayar eriya."

Na ji haushi. Gulbi ya ƙafe, sai an tona rairayi a jira ruwa ya tsattsafo. Na ce, "Kawu, awaki na kukan ƙishi, in shayar da ƙarfe?"

"Na wanke-wanke ya isa," ya ce. "Ba ya zaɓe."

Na riƙa zubawa, ba don na yarda ba, sai don kowace ranar kasuwa yakan biyo ya tsuguna ya tura yatsa a ƙasar. In ya ji danshi ya gyaɗa kai. In bai ji ba, sai ya ɗauki butar alwalarsa ya juye rabi, abin da ya fi faɗa ciwo.

Wata rana bayan azahar gabas ta yi baƙi. Mata suka fara fito da tukwane. Na shiga ɗaki na zare wayar eriya, ɗiyata tana barci a tabarma kusa da teburin talabijin. Ban kai ƙofa ba wani haske ya cika ɗakin, ƙara ta biyo, na tsinci kaina a durƙushe ina salati. Yarinyar ta tsala kuka, na rarumo ta ina duba jikinta. Ko ƙwarzane babu. A waje eriyar ta lanƙwashe ta yi baƙi, ƙasar gindin rodin ta tsage tana tururi. Ruwan kuwa ɗigo kaɗan ya yi, iska ta kwashe hadarin ta yi yamma da shi.

Kawu ya iso da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya karɓi yarinyar ya rungume. Sai da ya mayar mini da ita sannan ya bi wayar da ido daga sama har ƙasa, ya ce wani ƙulli ya saki, laifinsa ne, zai sake shi. Maigidana da ya dawo ya rasa bakin godiya, Kawu ya katse shi da cewa a nemo masa tsani.

Cikin makon nan mutane daga ƙauyukan Turba da Tozai suka riƙa zuwa rumfarsa neman ya kafa musu rodi, har masu rediyon da suka ɗaura waya a bisa itace. Yakan hau kekensa da rodi ɗaure a baya ya bi su, wani lokaci sai magariba ya dawo, rumfar a rufe yini guda.