Garwashin da Na Raba a Gindin Tsamiya

A zamanin Turawa babana yana aikin ba da magani a Tambuwal, kuma mu kaɗai ne Kirista a unguwarmu. Inna takan ba mu labarin wata yarinya da aka ba garwashi a tsingaro ta kai gidan Ubangiji. A hanya Mugun nan mai ruɗin mutane yakan fito mata da fuskar mutumin kirki. Ba ya ƙwace, sai dai ya ce, "Kawo in riƙe miki." Duk sanda ta ƙi, garwashin sai ya ƙara ja.

Wata damina aka tura Baba Kebbe, muka bi shi. Can Inna ta haihu. Ran nan ruwa ya kashe mana murhu, Baba yana ƙauye, ga ruwan wankanta bai dahu ba, tana rawar ɗari. Ta aike ni ɗebo wuta gidan da ke bayan gonakin dawa.

Ina dawowa da rana tsaka, dawa ta rufe ni ko'ina, ko kukan tsuntsu babu. A gindin tsamiya na iske wata tsohuwa zaune, zanenta a bushe duk da ruwan da aka yi.

"Ɗiyata," ta ce, "wuta nika biɗa. Miƙo man."

A wajenmu ba a hana mutum wuta, balle tsohuwa. Amma garwashi ɗaya ke gare ni, kuma labarin Inna yana kunnena.

"Kaka, mai jego na jira."

"To kawo in riƙe miki, ki huta."

Na durƙusa, na sa kara na fasa garwashin biyu, na tura mata rabi. Ta ɗauka da tafin hannu, ta dunƙule. Ba ta ko motsa fuska ba.

Ban waiwaya ba. Ina tafe ina hura nawa, yana ƙanƙancewa, har na isa da ɗan jan da bai fi ƙwayar wake ba. Da kyar ya kama kara, amma ya kama.

Sai da Inna ta yi wanka ta daina rawa na gaya mata. Ta daɗe tana kallon murhu.

"Tsofaffi na ɗaukar wuta da hannu," ta ce a hankali. "Ta yi godiya?"

"A'a."

Ta jawo ni jikinta. Daga baya in tana ba ƙannena labarin, yarinyar takan tsaya ta raba garwashinta a hanya. Ba ta taɓa faɗa musu wanda ya karɓi rabin ba.